Ciyaman Yana Tantancewa

Tun da iyayen yara suka zaɓi mijin ƙanwata shugaban kwamitinsu a makaranta, ba ya amsa kira sai an ce Ciyaman. Na raina mutane da yawa a rayuwata, amma rainin da nake masa na musamman ne.

Aikinsa ɗaya, lambar shekarun da ake bugawa a kwalin gem, wato wasan bidiyo. Duk yaron da aka kama da faifai mai lamba sha takwas a jaka, sai a ƙwace a kai wa Ciyaman. Shi kuma yana da ƙa'ida, wai ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani da idonsa ba. Sai ya tafi da faifan gida, ya buga shi tun daga farko har ƙarshe. Tantancewa ke nan. Har sabuwar talabijin ya sayo saboda hidimar al'umma.

Ana haka Autarsu, 'yar shekara biyar, ta fara tsoron ƙofa. Ko ta banɗaki ba ta buɗewa, wai akwai mutum marar fuska a baya. Ciyaman ya yi bincike a cikin kansa, ya gano mai laifi: 'yata, mai shekara sha uku, wadda ke zuwa wasa da Auta, kuma tana da waya. Ya hana ta shiga gidan. Ya ce ranar taron iyaye zai karanta sunanta a gaban kowa don ta zama darasi. Yarinyar da gem ɗinta bai wuce jera lemo da kankana ba ta yi kuka har idonta ya kumbura. Raina ya ɓaci, na saka mayafi na tafi.

"Yaya, ba ƙiyayya ba ce, ƙa'ida ce," in ji shi. "Ke ba ki san abin da ke cikin wasannin nan ba. Zauna in nuna miki. Auta, wuce ɗaki."

Ko waiwayawa bai yi ba ya ga ko ta wuce. Ya kunna, ya gyara zama, ya ɗauki rimot ɗin da duk maɓallansa suka koɗe saboda tantancewa. Ya sare wannan, ya harbe wancan, yana tsaki yana cewa, "Kin gani ko? Duniya ta lalace." Harshensa a waje. Ƙanwata na tsaye da tire a hannu, kunya ta hana ta ajiyewa.

Sai ya maƙale a wata ƙofar ƙarfe a cikin gem ɗin. Ya tura, ya zagaya, ya sake turawa.

"Baba, makullin yana aljihun wanda ka sare wa kai," in ji wata 'yar murya daga bayan kujera. "Jiya ma ka manta."

Na leƙa. Auta ce a tsakanin kujera da bango, da matashinta, da kofin ruwa, da 'yar tsana. Wurin zama ne sosai, ba na yau ba.

"Auta, yaushe kike zama a nan?" na tambaye ta.

"Kullum, Inna. Idan Baba yana aiki."

Na dubi Ciyaman. Babban yatsansa ne kawai ya motsa: ya koma wurin gawar, ya ɗauki makullin, ya sa a ƙofar. Tun kafin ta buɗe Auta ta rufe idonta da hannu biyu, don ta san wanda ke baya.

Ƙanwata ta ajiye tiren, ta zare wayar talabijin daga bango, ta sungumi 'yarta.

"Yaya, ki ce wa 'yata ta wajenki ta zo gobe," ta ce da ni. Sannan ta juya gare shi. "Taron nan tare za mu je, Ciyaman. Ni zan karanta sunan."