Gam Bai Bushe Ba

"Gam bai bushe ba, Malama. Ki dawo gobe."

Ko ɗago kai bai yi ba. Basilla tana shiga tana fita a gindin wani littafi, ni kuwa ina tsaye a bakin shago, zuwana na goma sha ɗaya ke nan karɓar ƙamus ɗina.

"Wane irin gam ne wannan? Ko in zo da mafici?"

"Zauna dai. Minti biyar."

Mai gyaran littattafai ne, bango ɗaya ya raba shagonsa da ɗakina. Dokarsa tana rubuce a kwali sama da tebur: aiki mai wuya da safe, mai sauƙi da yamma, duk awa agogo zai kaɗa, a miƙe a sha ruwa, ba hira, mai kawo aiki minti biyar, na yau ba ya kai gobe. Shekara talatin da biyu ina koyarwa, irin wannan karatun nake ɗura wa yara. Sai da na ajiye aiki, maigidana ya rasu, yini ya yi mini yawa, sannan na fara tambayar kaina: duk mintocin nan da ake tattalawa, wa ake tara wa?

Tunda ba ya karɓar baƙo sai mai aiki, na zama mai aiki. Littattafaina lafiyarsu ƙalau. Ni nake ɓare musu bango da wuƙar yanka albasa in kai masa, ya gyara a yinin. Abin da nake so bai wuce yamma ɗaya ba, cikakkiya, ya ajiye basillar nan mu yi ta surutu marar amfani. Da littattafan suka ƙare na ɗauko ƙamus, shi ne aikin ya tsaya.

Tari ya sarƙe shi, ya dafa tebur har ya lafa.

"Ba likita ya ce ka kwanta ba?"

"Shi ma a bakin aikinsa ya faɗa."

"Ka taɓa zama haka kawai, ba ka yin komai?"

"In yi me?"

"Ka kalli titi. Ni ma ka kalle ni, kyauta ne."

"Ai ina ganinki. Kin sake tabarau."

Agogo ya kaɗa, ya danne shi da tafin hannu. Na miƙe da maganata a baki. Na ce a raina, gobe.

Washegari da ƙarfe goma na ji agogon ta bango. Kullum a kaɗawa ta biyu yake kashe shi. Ran nan ya yi ta yi, har ya gaji don kansa. Ban tsaya neman takalmi ba. Na same shi a kujerarsa, kansa a kan hannunsa, kofin ruwan cike.

Bayan mako guda da rasuwarsa, 'yarsa ta buɗe shagon don mayar wa mutane kayansu. Ta ɗaga ƙarfen da yake danne littattafai da shi, ta zaro ƙamus.

"Mama, wannan naki ne ko? Ikon Allah. Baba da ba ya kwana da aikin mutum."

Na buɗe bangon baya. A nan yake rubuta ranar gamawa da fensir, da abin da ya lalata littafin: gara, ruwa, yara. Ban taɓa duba nawa ba. Ranar da na kawo shi ce a rubuce. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: Wuƙar Malama.

"Lafiya, Mama?"

"Mayar da shi inda yake, 'yata. Bai bushe ba."

Ta dube ni, ta mayar, ta ɗora ƙarfen. Na zauna a kujerar masu kawo aiki. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tebur, inda basillar take da sauran zare a hancinta.