Huɗu Bisa Goma

Ranar Laraba Jan Biro ya gano cewa marubucin da ya yi wa kaca-kaca a intanet wata biyu da suka wuce 'yar cikinsa ce. Matarsa ce ta faɗa masa tana guga, ba ta ko ɗago kai ba, kamar mai ba da labarin an ɗauke wuta.

Jan Biro malamin adabi ne a wata sakandare, shekararsa ashirin da shida yana koyarwa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan tun yana da gashi a ka, domin duk farar takardar da ta shiga hannunsa takan fito kamar an yi yanka a kanta. Da ya ji sunan ya yi fushi na mako guda, daga baya ya ga ai yabo ne, ya mayar da shi sunansa a intanet.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta shigo da masifar gidan tana shekarar ƙarshe a jami'a. Wani shirin katun ne da ake saki a intanet duk Asabar biyu da tsakar rana, sunansa Bene Arba'in, kowane kashi minti goma sha biyu. Labarin wani dogon gini ne da mazaunansa ke tashi ɗaya bayan ɗaya, da wata ƙirƙirarriyar basira da aka sa ta kula da liftar ginin, wato ɗan ɗakin da ke hawa da sauka da mutane. Mazauna suna kiranta Kwandasta. Kwandastan nan ba shi da fuska, sai wata 'yar koriyar fitila a saman ƙofa, kuma magana ɗaya ya iya: “Hawa na nawa?”

Da farko uban ya ce shi ya girmi kallon zane. Kashi na biyu ya tsaya a bayan kujera da kofin shayi a hannu, wai wucewa yake yi. Kashi na uku shi ya tuna mata lokaci ya yi. Wata shida suka yi suna zama a teburin cin abinci, kwamfuta a gabansu, kafaɗa da kafaɗa. Tun da ta bar firamare ba su taɓa zama kusa haka ba tare da takardar sakamako a tsakaninsu ba.

Sai ya gano maɓallin tsayarwa.

Minti goma sha biyu ya koma awa ɗaya da rabi. Ya sayi littafi na musamman. Yakan tsayar da hoto ya ƙirga tagogin gini, ya koma baya ya karanta rubutun da ke jikin bango, ya ce, “Kin lura da agogon nan?” Auta ta fara samun wanki duk ranar Asabar. Bai ga wani abu a ciki ba, ya ma yaba da tsaftarta. Ya shiga zauren masoya shirin a intanet, mutum ɗari takwas, kafin shekara ta zagayo ya zama shugaba, don babu mai haƙurin musu da shi.

Babbar muhawarar zauren guda ce. Duk lokacin da wani ya fita daga lifta, Kwandasta yakan bar ƙofa a buɗe na daƙiƙa huɗu bayan mutumin ya tafi. Me ya sa? Jan Biro ya warware matsalar a sharhi mai shafi goma sha ɗaya. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa hoto guda ne ake maimaitawa, wato masu zane ne ke rage wa kansu aiki. Ya kuma gano wani ƙaramin allo a kashi na uku, can bayan tukunyar fure, mai ɗauke da dokar kiyaye haɗari. Na'ura dai na'ura ce, in ji shi, masu kuka su nemi wani dalilin.

Sai wani mai kiran kansa Hawa na Bakwai ya saka rubutu mai shafi ɗaya da rabi. Ya ce Kwandasta jira yake yi, ko mutumin zai waiwayo. Ba a gina shi da kalmar “tsaya” ba, ƙofar ce kaɗai bakinsa. Sakin layi na ƙarshe ya ce: “Na san wani irinsa a gidanmu. Tambaya ɗaya ya iya, da ita yake gaisuwa, da ita yake sallama. In na dawo daga makaranta ba ya cewa ya hanya, sai nawa aka ci. Na daɗe ina zaton bai damu ba. Kwandasta ne ya sa na fara tunanin ko shi ma ƙofa yake riƙewa.”

Jan Biro ya yi abin da ya iya. Ya jero kurakurai tara da lambobinsu. A kan sakin layin ƙarshe ya rubuta: “Labarin gidanku ba hujja ba ne. Sannan akwai waƙafi biyu da ba su da aikin yi.” Ya rufe da huɗu bisa goma. Zaure ya kwashe da dariya. Maganar ta zama karin magana, ko yabon launin sama mutum ya yi sai a ce masa labarin gidanku ba hujja ba ne. Hawa na Bakwai ya fice daga zauren a ranar.

“Ita ta faɗa miki?” ya tambayi matarsa a ranar Larabar nan, tana kan guga.

“Sai ta faɗa mini? Malam, kai ka karanta mini rubutun da bakinka, kana dariya har da tari. Tun a layi na biyu na gane 'yata. Ina ta yi maka ido, ka ce ko wani abu ne ya faɗa mini a ciki.”

“Tana wurin?”

“Tana bakin ƙofar kicin da faranti a hannu.”

Ya zauna a bakin gado, kan rigar da ta gama gogewa. Ta janye ta daga ƙarƙashinsa.

“Me ya hana ki faɗa mini tun lokacin?”

“Ta roƙe ni. Ni kuma na ce mutumin da ya hango allo a bayan tukunyar fure ai zai gane kansa ko ba jima. Na yi maka zaton alheri, laifina ke nan.”

Abin da ya sa ta yi magana yanzu a fili yake. Auta ta sami aiki a ɗakin gwajin ruwa na wani gari mai nisan awa tara, motarta za ta tashi ranar Asabar da ƙarfe uku. A ranar kuma, da sha biyu, za a saki kashi na ƙarshe na Bene Arba'in. Jan Biro ya lissafa. Minti goma sha biyu yake nema, ita da shi a teburin nan, kafin gidan ya rage saura shi da matarsa da karatun jarida.

Ranar Alhamis ya wuni a ɗakin malamai da rubutun a gabansa, takardun ɗalibai a gefe ba a taɓa ba. Ya karanta shi sau shida. A karo na uku ya ga hankalin da ke ciki. A na biyar ya ga kansa, tsaye a ƙofar falo da tabarau a goshi, yana tambayar yarinya mai jakar makaranta nawa aka ci. Ya cire tabarau ya goge, alhali ba su yi datti ba. Ya yi tunanin kiranta a waya. Amma me zai ce? A shekara ashirin da shida an sha kawo masa ƙorafi, kuma hanya ɗaya ya sani ta gyara zalunci: a sake duba takarda.

Ya sake dubawa tsakaninsa da Allah. Ya janye kurakurai shida cikin tara. Ya saka sanarwa a zaure cewa bayan nazari na biyu, an gano rubutun Hawa na Bakwai yana da zurfin da ba a lura da shi ba, saboda haka an ɗaga makinsa zuwa bakwai bisa goma. Ya koma gida da sauƙi a ƙirjinsa, har ya tsaya ya sayo lemo.

“Bakwai,” in ji matarsa, bayan ya nuna mata wayar.

“Daga huɗu fa.”

“Ina sauran ukun?”

“Waƙafin nan dai suna nan. Ba zan yi ƙarya ba don 'yata ce.”

Ta dube shi irin kallon da take yi wa tukunyar da ta ƙone. “Allah ya ba ka lafiya, Malam.”

Garin gyaran gira aka rasa ido. Mutanen zaure sun manta da maganar, sanarwar ta tuno musu. Aka tono tsohon rubutun aka sake yaɗawa. Wani ya ce Jan Biro ya tsufa, wani ya ce a binciko ko an ba shi wani abu. Wata ƙawar Auta da ke zauren ta ɗauki hoton komai ta tura mata. Ranar Juma'a Auta ta gaishe shi da safe kamar kullum, har ƙasa, ta tambaye shi ko yana da igiyar ɗaure kwali. Ya kawo mata igiya uku, ya yi mata bayanin wadda ta fi ƙarfi.

Asabar tun sha ɗaya ya share tebur. Ya ajiye kwamfuta, ya jawo kujeru biyu. Littafinsa na sharhi ya kai ɗaki ya sa a aljihun tebur ya kulle, ya ba matarsa makullin. Sha biyu ta yi. Daga ɗakin Auta ba a jin komai sai ƙarar salatif da jan akwati. Sha biyu da rabi ya je ya ƙwanƙwasa.

“Auta, an saki abin nan.”

“To, Baba. Bari in gama da takalma.”

Ya koma ya zauna. Fuskar kwamfuta ta yi duhu, ya taɓa ta, ta sake haske. Ƙarfe ɗaya aka gama da takalma aka shiga littattafai. Ɗaya da rabi uwar ta shiga da zannuwan gado, aka rufe ƙofa, ya ji suna magana ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya. Ƙarfe biyu aka fito da akwatuna, ya rufe kwamfutar ya ɗauki makullin mota.

A tasha uwar ta tafi neman ruwan roba, ta kuma yi nisa fiye da yadda neman ruwa ke bukata. Shi da Auta suka tsaya a gefen motar da za ta shiga, ana ɗora kaya a sama, wani yana rigima a kan buhu.

“Kin ga na sake duba rubutun,” ya ce.

“Na gani, Baba. Na gode. Ko a makaranta ban taɓa samun bakwai a wurinka ba.”

“Da na san ke ce…”

“Da ka ba ni nawa?”

Ya buɗe baki. Abin haushi, sai da zuciyarsa ta fara lissafi.

“Ba makin ba ne, Baba,” ta ce, tana gyara igiyar jakarta. “Na san ka. Da ka ba ni goma ma da na ce ba ka da lafiya. Don kai na rubuta. Na ce wannan mutumin ba ya jin magana sai a rubuce, bari in rubuta masa a inda yake karatu. Ka karanta har ƙarshe, ka tsaya a kan layin da nake maganarka, ka ga waƙafi.”

Babu fushi a muryarta, shi ne abin da ya fi damunsa. Da fushi ne da ya san inda zai kama.

“In kin isa sai mu sa lokaci,” ya ce. “Ki kunna can, in kunna nan. Ba zan tsayar ba.”

Ta ɗan sunkuyar da kai. “Na kalla, Baba. A waya, ina ninke kaya.”

Wato tana bayan ƙofa da abin ji a kunne lokacin da yake gadin kujeru biyu. Ya haɗiye wannan. Sai ya ji wata tambaya ta fito daga bakinsa, wadda bai tuna ya taɓa yi mata ba.

“To ke me kika gani?”

Ta ɗago ta dube shi, da mamaki sosai. Fuskarta ta sake. Ta sauke jakar ƙasa, ta ɗaga hannu biyu kamar yadda take yi in za ta yi dogon bayani.

“Ka san matar hawa na talatin, mai kyanwa? To ai ashe tun farko…”

Direba ya danna oda. Mai duba tikiti ya buga jikin mota yana kiran kujera ta goma sha huɗu, ya ce in ba ta da niyya akwai mai so. Uwar ta iso da gudu da ruwa biyu, aka shiga rungume-rungume da addu'a da a kira in an isa.

“Doguwar magana ce, Baba,” ta ce daga matakala. “Wata rana.”

Motar ta juya ta fita ta babbar ƙofa. Auta tana ɓangaren da ba a gani daga inda suke, suka ɗaga wa wasu mutane hannu.

A hanyar gida wayarsa ba ta daina ƙara ba a aljihu, mutum ɗari takwas suna jiran hukuncinsa a kan kashi na ƙarshe. Matarsa ta ce ko ya kashe ta ko ta jefar da ita ta taga. Ya kashe. Sai da suka tsaya a danja ya yi magana.

“Wata ranar nan, kina ganin da gaske take?”

Matarsa ta buɗe ruwan da ta manta ba ta ba yarinyar ba, ta kurɓa.

“An ba ka hannu, Malam. Ja mu je.”