Littattafan da Suka Dawo da Ƙamshin Kafur

A shekarar da aka kwashi yara aka zuba a makarantun firamare kyauta, gwamnati ta gina wa Faskari ɗakin karatu mai tagogin gilashi da fankoki a rufi, ko da yake wutar da za ta juya su ba ta iso garin ba. Abdulƙarim, saurayi ɗan asalin Sheme, shi aka ba riƙonsa. Kafin ya kama aiki sai da aka tura shi kwas Zariya, inda wata malama ta koya musu yadda ake tafiyar da sashen yara: a bar yaro ya zaɓi littafi da hannunsa, ya kai gida, uwarsa ta zauna da shi su bi hotunan tare ko da ba ta san boko ba. Ta ce musu a jikin littafin yara ake gane ko ya yi aikinsa; wanda bai sha yatsu ba, ba a karanta shi ba.

Ya dawo da kwalaye cike da ƙananan littattafai masu hotuna, da sharaɗi guda. Aro aka ba shi. Bayan kaka mai duba ɗakunan karatu zai zo, in ya ga ba a karanta su, za a kwashe su zuwa Funtuwa a rufe sashen yaran.

Yara kuwa ba su zo ba, domin damina ta sauka, wanda ya taso daga makaranta gona ce ke jiransa ko awaki. Sai Abdulƙarim ya riƙa ɗaure kwali a bayan babur, ya nufi Yankara ranar kasuwa, ya biya ta Sheme, yana miƙa wa magidanta littattafan su kai wa iyali. Don kada a raina abin, yakan ƙara da cewa amana ce, kayan gwamnati ne, a kula da su. Suna karɓa da hannu biyu, da bisimilla.

Littattafan suka riƙa dawowa ba ko ɗigon datti, suna ƙamshin kafur. Da farko ya ji daɗi. Sai ranar da ya shiga gidan yayarsa Hajaratu a Sheme, gida ɗaya tilo da yake iya wuce zaure, ya tambayi 'yarta Bilki me ya faru da ɗan raƙumin da ke cikin littafin da ya aiko. Yarinyar ta juya ta dubi uwarta. Hajaratu ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki, ta jawo akwatin kayan aurenta daga ƙarƙashin gado, ta zaro littafin naɗe cikin sabon ɗankwali.

"Ga amanarka nan, ko ƙuda bai sauka kai ba," in ji ta.

Ya ce ai don Bilki aka kawo shi, ta buɗe, ta taɓa, in ma ya yage ba laifi. Hajaratu ta dube shi kamar wanda ya yi saɓo. Ta tuna masa cewa a gidan da aka haife su, ko guntun takarda mai rubutu aka gani a ƙasa, tsintarsa ake yi a soke a tsagar bango, kada a taka sunan Allah ba a sani ba. Ya ce wannan labarin raƙumi ne, babu aya a ciki.

"Ni na san mi ke ciki? Rubutu dai rubutu ne. Ɗiyan nan hannunsu daga miya sai kashin awaki." Ta koma kan tankaɗenta tana dariya. "Ashe Zariya aka kai ka koyon yaga littafi, auta. Da ka faɗa, Bilki ta koya maka kyauta."

Daga nan ya shiga bin zaure-zaure yana roƙon magidanta su sakar wa yara littattafan. Kowa yakan saurare shi da ladabi, ya ce to Malam, sannan littafin ya dawo a naɗe fiye da da. Wani ma a Yankara ya nuna masa da alfahari inda ya rataye nasa, can saman azara, kusa da gafakar Alƙur'ani. Abin da ya fi ci wa Abdulƙarim rai shi ne babu wanda ya ƙi shi. Da zaginsa suka yi, da ya san amsar da zai bayar. A kwas an koya masa yadda ake gyara shafin da ya yage da yadda ake lallashin yaron da ya ɓatar da littafi, amma ba wanda ya faɗa masa abin da ake yi da mutanen da girmamawarsu ta yi yawa.

Da kaka ta ƙarato, Mamuda mai gadin ɗakin ya ba shi shawara: a samo ƙuliƙuli da jar ƙasa, su zauna su biyu su murje shafukan, mai dubawa ya gani ya tafi. Abdulƙarim ya yi fushi, sannan da rana ta yi sanyi ya aika aka sayo ƙuliƙulin. Ya murtsuke shi a tafinsa, ya buɗe littafi, ya kai hannu. Hannun ya tsaya a sama. Ya daɗe a haka kafin ya gane cewa ba tsoron ƙarya kaɗai ya riƙe shi ba. Shi ma a gidan da ake soke guntun takarda a tsagar bango aka haife shi. Ya tashi ya wanke hannu.

Mai dubawa, Malam Harisu, ya iso cikin sabuwar Fijo, yana sauri domin Ƙanƙara da Sabuwa na jiransa. Ya ɗauki littafi ɗaya ya buɗe, gindin littafin ya yi ƙara irin ta wanda ba a taɓa lanƙwasa shi ba. Ya ɗauki na biyu, na uku. Abdulƙarim ya fara bayanin cewa kowanne ya shiga gidaje da dama, matsalar ita ce ta al'ada, kuma in an ƙara masa shekara zai nemo mace da za ta riƙa shiga gidaje tana zama da iyaye mata. Malam Harisu ya ce shawara ce mai kyau, amma babu gurbin ma'aikaciya a tsarin bana.

Ana cikin haka sai ga Baba Ɗanliti, mai unguwa daga Sheme, ya sha babbar riga, ya taho musamman don ya yi wa ɗan garinsu shaida a gaban babban baƙo. Ya warware wani farin ƙyalle, ya miƙa littafin da ya rage a hannunsa.

"Ranka shi daɗe, yaron nan namu ya riƙe amana, mu ma mun riƙe mashi. Ka bincika duk Sheme, ba yaron da muka bari ya ɗora yatsa a kan kayan gwamnati."

Malam Harisu ya yi masa godiya sosai, ya juya ya ce wa direba ya buɗe bayan mota.

Abdulƙarim da kansa ya taya lodin kwalayen, domin bai ga abin da zai yi da hannuwansa ba. Da motar ta bar harabar, Baba Ɗanliti, wanda ya ɗauka sababbi za a kawo a madadinsu, ya dafa kafaɗarsa ya shaida masa cewa ya riga ya sa kafinta ya haɗa akwati mai kwaɗo, don na gaba in sun zo a adana su yadda ya kamata. Maganganu suka cika bakin Abdulƙarim, babu ko ɗaya da ake faɗa wa dattijo. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," sannan ya tayar da babur don ya mayar da shi gida.