Fumfunar Mangwaron Baba

Mai injin sare itace ya riga ya ɗaura igiya a reshen mangwaron lokacin da ta shigo gida, ko farar rigar aiki ba ta cire ba.

"Yaya, me ake yi haka?"

Yayan nata bai ko juyo ba, sai ya ɗaga mata takarda. "Ke kika rubuta, ko ƙarya na yi? Bishiyar cike take da fumfuna."

Ita ta rubuta, babu musu. Aikinta ke nan a ɗakin gwaji: ta wanke bayan ganye tas da magani, ta yayyanka, ta ɗora a ɗan farantin gilashi, ta jira abin da ke zaune a cikinsa ya tsiro. Ganyen bishiyar da marigayi babansu ya shuka ta gwada don marmari, ɗoki kuma ya sa ta bar sakamakon a teburin falo. Shi kuwa Yaya, shekara biyu ke nan yana neman inda zai kafa rumfar mota.

"Ka karanta layi na biyu mana. Ba cuta ba ce. Lafiyayyun bishiyoyi suna da irinta a ciki, wata ma taimaka musu take yi su jure fari da ƙwari."

"Fumfuna dai fumfuna ce. In kin gan ta a burodi, ci kike yi?"

"Kai da ko ruwa ba ka taɓa ba ta ba..."

"Kada ki yi min rashin kunya a gaban baƙo. Boko bai sa kin girme ni ba. In reshe ya faɗo wa 'ya'yana, ke za ki haifa min wasu?" Ya ɗaga wa mai injin hannu.

Takaici ya hana ta kuka. Tana nan tsaye har bishiyar ta kai ƙasa.

Mai injin ya shafa kututturen. "Maigida, itacen nan fa lafiyarsa ƙalau. Ko ɗigon ruɓa babu."

"A ciki take, ido ba ya gani," in ji Yaya. "Tambayi likitar ganye, ga ta nan."

Ta juya ta koma wurin aiki. Ranar ce ake zubar da farantan da aka gama da su. Ta zaro na ganyen mangwaron daga cikin tarin. Farar fumfuna ta cika shi kamar auduga. Abin da ya rage da rai na bishiyar ke nan. Ta ɗebi kaɗan ta dasa a sabon faranti, ta rufe, a wurin suna ta rubuta "Baba".