Mai Barci a Jikin Taga

Tun bas bai gama tsayawa ba Maman Biyu ta diro, saura kaɗan ta bar takalmi ɗaya a ciki. Maƙwabciyarta ce ta kira ta a wurin aiki: wani mai hoto ya liƙa hotunan fasinjoji a bangon babbar tasha, kuma wallahi ta ga marigayi a ciki, yana barci. Yau ake kwashe su.

Mutumin da ko da wasa ba ya tsayawa a ɗauke shi! Hoto ɗaya tal ya bar mata, na katin aiki, fuska murtuke kamar an taka masa ƙafa. 'Yan biyu har sun fara tambaya ko haka Baba yake kullum.

Ta kutsa cikin jama'a tana bin bango. Ga hoton wata tana gyara ɗankwali a madubin mota. Ga wani ya wangale baki yana hamma, ga ma'aikata suna rige-rigen ƙofa. Duk ba wanda ya san ana ɗaukarsa, shi ya sa suka yi kyau. Can tsakiya ta tarar da gurbi, sai guntayen salatif.

"Malam, na nan fa? Mai barci a jikin taga?"

Mai hoton ya sauko daga tsani. "Baiwar Allah, ke ma faɗan kika zo?"

"Mijina ne."

Ya cire hula, ya mayar. "Jiya wani ya zo, ya ce yayansa ne, ya rasu, na ci masa mutunci. Ni kuwa ƙa'idata, duk wanda ya ce bai yarda ba, in yage a gabansa, in goge a kyamara."

Ƙanin mijinta, sarkin zafin kai!

"Ko kwafi ɗaya?"

"Babu. Ki yafe ni."

Ta juya za ta tafi, ta dawo. Ta zauna a matakalar tsanin.

"To kai ka gan shi. Faɗa mini."

Ya dubi gurbin.

"Kansa a jikin gilashi, rana ta haske rabin fuskarsa. Bas na ta jijjiga, amma ya rungume wata 'yar kular abinci a ƙirji da hannu biyu. Ita ce ma ta sa na ɗauka."

"Shuɗiya?"

"Shuɗiya."

"Kullum sai ya ce nauyi take masa," in ji ta. "Ci gaba."