Ranar da Anka Share Kurmi

A'a, Abdulbaƙi, tsaya. Ni nab ba ka kunya? Zauna, ɗan nan, ka bar zagaya tsakar gida awa kaza mai neman wurin ƙwai. Ni ma tun Talata ban iya zama wuri guda.

Maigari shina Kebbe jinya, yab bar maka gari. Kat tara mata, kac ce ma'aikaciyar daji za ta zo daga Tambuwal duban kurminmu na bakin fadama: in da rai a bar muna shi, in ya mutu a yanka ma masu shinkafa. Kac ce baƙuwa ta, a share. Kurmi! Awa gidan suna. Kwana biyu mata na duƙe da tsintsiya, matarka Husaina har da yayyafa ruwa. Kunka tara ganye kunka sa wuta.

Ni nac ce ƙuguna ka ciwo. Allah shi gafarta min, lafiya lau nike. Gindin giyayya da ɗunya, rabon sharata, ban taɓa ba.

Ma'aikaciyar, Malama Raihanatu, taz zo ran Talata, ko sama ba ta duba ba. Wani katako mai kusurwa fuɗu taka ajewa ƙasa, ta leƙa ciki, ta rubuta. Nan ƙasa tsirara. Can tsirara. Kana bayanta kana washe baki, wai mu masu tsabta na. Ita ko sai rubutu, ba fara'a.

Shi yas sa naj ja hannunta zuwa gindin giyayya. Nac ce ɗiyata, tura nan, ƙarƙashin ganye. Sanyi, damshi, baƙar ƙasa, tsutsar tana har biyu, alhali wata uku ba ruwa. Nac ce haka kurmin duka yake shekaranjiya, ɗana yas sa anka tuɓe shi. I, gaban mutane. Gaban wa kaka so in faɗi, gaban masu shinkafa?

Kuma ba ta ce mun tsira ba. Za ta komo baɗi war haka ta sake awo. Kafin nan ba shara, ba wuta, ba dabba. Ga shi tun safe awakin maƙwabcinmu Almu na ciki suna lashe ɗan ganyen da yar rage, kai kana nan wai in tafi in ba maigari haƙuri na zub da girman wakilinai.

To, zan je. Sai dai shi bai san wa yas sa shara ba, ni ko ban iya taƙaita labari, daga farko nika somawa. In ɗauko mayafi, ko za ka koro awakin?