Sandar da Ta Sha Man Shanu

A sana'ata na ga ɓarna iri-iri. Na ga sandar buga ƙwallon sunuka da aka tokare ƙofa da ita, na ga wadda aka kashe maciji da ita, na ga wadda wani ƙato ya zauna a kai yana cin gyaɗa. Amma sandar da ta sha man shanu, a hannun Baffa Mode na fara ganinta.

Sunana Sharhabilu, kafinta ne ni a Bodinga, bayan kasuwa. Mahaifina masassaƙi ne, turmi da ƙota ya sani. Ni kuma da teburan sunuka suka cika rumfunan bakin titi, samari suka fara kawo min sandunansu, wannan ta lanƙwashe, waccan bakinta ya fita. Tun ina karɓa don kunya, har ya zama da shi aka san ni daga nan zuwa Shagari.

Wata Laraba da hantsi ɗan kabu-kabu ya sauke wani dattijo daga babur a ƙofar shagona. Dogo ne siriri, da malfa a ka, ya rungumo wani abu nannaɗe cikin zane kamar mai ɗauke da jinjiri. Muka gaisa har da tambayar shanu da ruwa, ya ce daga Kajiji yake, sunansa Mode. Sannan ya warware zanen a hankali.

Warin ne ya fara iso ni, na man shanun da ya kwana ya sha rana. Sanda ce ta gaske, farin itace na ƙasar waje mai zane kamar kan kibiya, gindinta baƙi mai nauyi. Irinta ba su wuce uku ba da suka taɓa shiga hannuna. Na ɗora ta kan gilashin da nake gwaji da shi na mirgina. Maimakon ta tafi sumul sai ta riƙa ɗingishi, bakinta na ɗagawa yana sauka. Fatar bakin ta fita, zoben tagullar da ke ƙarƙashinta yana girgiɗi. Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami.

"Baffa, wane mara tsoron Allah na yay yi ma sandag ga haka? Tuwo ta, da za a zuba mata mai?"

Ya kalli ƙasa. "Ni na."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na jawo masa benci, na aika aka kawo ruwa, na yi ta kame-kame. Shi kuwa bai nuna ya ji haushi ba, ya zauna ya ba ni labari guntu-guntu.

Sandar ta ɗansa ce, Maniru. Sunan ma a bakin ɗan kabu-kabun na ji, don Maniru ɗan fari ne, Baffa Mode kuwa mutumin da ne. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama su yi hira, in magana ta kama sai ya bi da ita ta wajen uwarsa, Daso. "Yaron" kawai yake cewa, yaron da ya ba talatin baya. Maniru a bayan shanu ya tashi, daga baya ya riƙa shigowa Shagari, ya koyi sunuka har ya gagari sa'anninsa, ya ci wannan sandar a wata gasa. Ya kai ta gida yana murna. Uban ya dube ta, ya ce wa Daso, da ƙarfin da kowa zai ji, sandar da ba ta juya saniya itacen wuta ce. Washegari Maniru ya jingine ta a ɗakin uwarsa ya tafi Sakkwato tuƙin mota. Shekara uku bai taka Kajiji ba. Sai makon da ya wuce ya kira uwarsa a waya ya ce yana tafe ranar Asabar.

"Da nij ji, sai niɗ ɗauko ta," in ji Baffa. "Nig gan ta hwara, ta bushe awa ƙashi. Mu sanda in ta bushe tsagewa ta ka yi. Nis shahe ta, nik kanga ta ga garwashi, nis shanya ta bisa rumbu. Kwana ukku ina yi. Ni gyara ni ka nuhi."

"Tau ka hwaɗa mai hakan ga mana."

"Da wane baki?" Ya juya malfarsa a hannu. "In yag gan ta haka, cewa za shi yi da gangan nil lalata ta. Ba shi ƙara dawowa. Uwatai ba ta iya ɗaukar wanga. Ka maishe ta yadda take, kar shi gane an taɓa ta."

Tausayinsa ya kama ni. Na ce ya dawo Juma'a, na ture ƙofar wani Alhaji da nake haɗawa gefe.

Miƙar da sanda ba shi ne wuyar ba, fitar da man ne. Na tankaɗe toka na haɗa da farar ƙasa, na lulluɓe ta da shi, na bar su su tsotsa. Na kankare, na sake, na kankare, na sake, har matata Juwairiyya ta aiko tambayar ko tokar murhunta sayarwa nake. Da maiƙon ya ragu na kara wurin lanƙwasar a bakin butar shayi ta sha tururi, na matse ta tsakanin katako biyu da na tabbatar da miƙewarsu, daga baya na rataye ta a azara da dutse ɗaure a gindi. Ranar Alhamis na bi ta da sanfefa mai laushi, na manne zoben, na sa sabuwar fata, na goge kanta ya yi ɗan tudu yadda zai kama allin da 'yan wasa ke goga masa.

Abu biyu suka gagare ni. Na farko, kusa da wuyanta, kamar taƙi ɗaya daga baki, akwai 'yar karkata da ta ƙi ji. Na biyu, launi. Man ya shige har ɓargo, farin itacen nan ya koma ruwan zuma. Ko makaho ne ya riƙe ta zai san an taɓa ta, tunda hanci yana aiki.

Bayan Juma'a Baffa ya iso. Na gaya masa gaskiya. Ya karɓi sandar, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rufe ɗaya, ya juya ta sau biyu, ya ɗora yatsa daidai inda karkatar take. Ni da gilashi na gano wurin, shi da ido. Ya ce in samo garwashi. Na ce a raina ga mai ɓarna zai ƙarasa aikinsa. Amma kunyar abin da na faɗa masa ranar Laraba ta hana ni musu.

Bai kai ta kusa da wutar ba sosai, nesa-nesa ya riƙa juya ta, yana taɓawa da bayan hannu. Can ya dafa wurin a gwiwarsa, ya danna kaɗan, ya riƙe yana motsa baki, ya saki. Na mirgina ta a gilashi. Ta tafi sumul har ƙarshe, ko tari ba ta yi ba. Shekara fiye da goma ina wannan aiki, ranar na san ɗan koyo ne ni.

"Ranar ta taɓ ɓata ta, ba wuta ba," ya ce. "Itacen ga bai san rana tamu ba." Sai ya shinshina ta, fuskarsa ta sauya. "Amma za shi gane."

"Bar min wanga, Baffa. Gobe ni ka kai ta da kaina. In ce wani sabon mai na anka kawo muna daga Legas."

Ni dai na ɗauki alhakin ƙaryar a wuyana.

Asabar da hantsi na hau babur zuwa Shagari da sandar a bayana. Na tarar da Baffa a tasha ya riga ni, yana tsaye a inuwar wata bishiyar bedi, ya juya wa rumfar sunuka baya. Motoci uku suka sauke fasinja babu Maniru. A ta huɗu wani dogon mutum ya fito da jaka a kafaɗa, ba sai an gaya min ba, tafiyarsu ɗaya. Ya zo ya durƙusa ya gaida uban. Uban ya amsa yana kallon titi, kamar da wani baƙo yake gaisawa. Na gabatar da kaina, na warware zanen na miƙa masa.

Maniru ya karɓa. Ya dubi launin, ya dubi sabuwar fatar, fuskarsa ta ɗaure.

"Wa yat taɓa min sanda?"

"Ni na," na yi sauri. "Wani mai na sabo da anka..."

Ban kai ƙarshe ba ya kai ta hanci. Ya shinshina sau ɗaya, ya sake. Ƙaryata ta mutu a nan, don mutumin da ya tashi a ruga ba a sayar masa da man shanu da sunan Legas. Ya shiga shafa itacen da babban yatsa. Ni kuwa na fara shirya yadda zan shiga tsakani in abin ya ɓaci.

"Baba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai kas shahe ta?"

Baffa bai kalle shi ba, ni ya kalla. "Malam, hwaɗa mai ni na. Hwaɗa mai sau ukku, yadda a ka yi. Ban san itacen ba na."

"Sau ukku," in ji Maniru. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita daidai ba, idonsa ya kawo ruwa. Ya juyo gare ni. "Malam, ko sanda tau ta kiwo sau guda yas shahe min ita. Tashi kaɗai ya ka yi ma ukku."

Wallahi sai da na kau da kai, don ni ma hawaye ya zo min, ga mutane a tasha.

Samarin rumfar sun riga sun gane shi, suka fara kiransa, ya zo ya nuna musu ko Sakkwato ta kashe masa hannu. Maniru ya dubi rumfar, ya dubi ubansa, ya girgiza musu kai, ya fara mayar da sandar cikin zane. Sai Baffa ya yi gyaran murya.

"Malam," ya ce min, "tambaye shi. Wurin ga, ana barin tsoho shi zamna shi yi kallo?"

Ban tambaya ba, ba a jira ni ba. Maniru ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya shiga rumfar, ya tashi samari biyu daga benci, ya cire hularsa ya kaɗe wurin da ita.